Makon da Na-Sani Ya Yi Aikin Mutum Huɗu

A ofishinmu akwai wani jan kofi na roba, hannunsa a tsage, wanda ba a shan komai da shi. Aikinsa ɗaya ne: duk wanda kofin ke kan teburinsa, shi kaɗai ke da izinin tura gyara cikin kundi. Kundi shi ne manhajar da ke ajiye tarihin aikinmu, wadda ke rubuta wa ya canja me, a wace rana, da ƙarfe nawa. Mu huɗu ne muke rubuta manhaja a ɗaki ɗaya, kuma shekara da shekaru kofin nan ne ke hana mu taka ƙafar juna. In ka gama, ka miƙa wa na gaba. In ka shiga banɗaki ka bar shi a teburinka, a jira ka. Ban ce tsarin zamani ne ba, amma ba mu taɓa yin ɓarna da shi ba.

Wata Alhamis Oga ya tara mu, ya ce aiki ya ja baya. Alhamis mai zuwa za mu nuna wa wani kamfanin motocin haya manhajar sayar da tikiti da muka yi musu, kuma daga ranar kujera ɗaya za ta tafi. Ya ce shi ba zai duba fuskar kowa ba. Zai buɗe kundi, ya ga aikin mako guda, wanda sunansa ya fi ƙaranci shi zai kwashe kayansa.

Ba wanda ya kalle ni, abin da ya fi kallo ciwo ke nan. Anti ce ta gina manhajar tun daga tushe. Dogo shi kaɗai ya san kan babbar kwamfutar da ke ɗakin baya. Na-Sani kuwa ƙanwar Oga yake aure. Saura ni, wanda suke kira Auta don ni aka ɗauka a ƙarshe, ga furfura a gemu ga yara uku a gida. Na koma teburina, na ce a raina makon nan ko barci sai na yi masa rowa.

Sunan Na-Sani ba iyayensa suka sa masa ba. Duk abin da ka faɗa masa, ko labarin mafarkinka ne, da "ai na sani" zai tare ka. Shekararsa biyu tare da mu, kuma in an tattara aikinsa duka ba zai cika allo ɗaya ba. Washegari da safe ya shigo da taye a wuya, ya ɗauke jan kofin daga teburin Anti, ya ce ya gano abin da ke danne basirarsa. Kofi ne. Ta yaya mutum irinsa zai zauna jiran roba? Ya ce akwai wani ƙari da ake liƙa wa kundi, wanda zai ba kowa damar buɗe reshe mara nauyi. Wato ka ja aikin gefe, ka yi gyare-gyarenka kai kaɗai ba ka taɓa na kowa ba, in ya nuna a haɗa shi da uwar aikin. Reshe ɗaya, reshe goma, ko sisi ba ya ci.

Anti ta ce shawarar ba ta da laifi, ita ma ta daɗe tana son haka, amma ba a makon miƙa aiki ba. Na-Sani ya ce ai ya sani, shi ya sa minti goma kawai zai ɗauka. Oga, wanda gwanintarsa a neman kwastoma take ba a rubuta manhaja ba, ya ji kalmar "zamani" sau uku, ya kira Na-Sani Injiniya, ya ce a bar shi ya gwada.

Na-Sani ya tashe mu tsaye, ya bi kwamfutocinmu ɗaya bayan ɗaya da filas, ɗan abin nan na kwafar fayil, yana saka ƙarin. Da ya gama, ya miƙe yatsu suka yi ƙara, ya rubuta umarnin buɗe reshe. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Ya sake rubutawa da ƙarfi, har tebur ya motsa. Ta maimaita amsarta. Ya cire ƙarin ya sake sakawa, sau uku. Ya ce intanet ce. Ya ce allon Dogo ne ya tsufa. Daga nan ya ce wutar ginin ce ba ta da tsabta, sai an kashe ta an kunna, ya fita baranda ya sauke babban makunni.

Makunnin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Telan da ke shagon kusa da mu ya shigo da almakashi a hannu da rabin hannun riga a kafaɗa, yana tambayar wa ya kashe masa keke yana tsakiyar ɗinki. Na-Sani ya yi masa bayanin reshe mara nauyi na tsawon minti biyar. Tela ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a mayar masa da wutarsa, kuma in za a sake dasa itace a gaya masa tun da wuri.

Anti ta bar shi har bayan azahar. Sannan, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce saka abu daban, kunna shi daban. Sai an shiga fayil ɗin saiti an rubuta layi ɗaya da ke gaya wa kundi ya fara amfani da ƙarin.

"Ai na sani," in ji shi. "So nake in ga wa zai lura."

Dogo ya ce to an lura, awa biyar ke nan.

Na-Sani ya rubuta layin a kwamfutarsa, reshe ya buɗe, ya juyo yana jiran tafi. Saura kwamfuta uku. Anti ta ce kowa ya rubuta nasa, layi ɗaya ne. Ya ce babban injiniya ba ya yin aiki ɗaya sau huɗu. Ya kwafi fayil ɗin saitinsa gaba ɗaya, ya bi ya ɗora shi a kan namu, namu suka goge. Sannan ya karɓi lambar sirri a wurin Oga ya kulle fayil ɗin, wai kada marasa ilimi su ɓata masa aiki. Abin da ba wanda ya tuna a ranar shi ne, a cikin wannan fayil ɗin ake rubuta sunan da kwamfuta ke sa wa aikin mutum hannu da shi.

Ni dai na duƙufa. An ba ni sashen canja ranar tafiya, inda fasinja zai ɗaga tikitinsa zuwa wata rana ba tare da ya rasa kujera ba. Sashe ne mai wuya, kowa yana gudunsa. Na yi Juma'a, na zo Asabar ni kaɗai, na yi abin da ban taɓa yin mai kyansa ba tun da na fara wannan sana'a. Litinin da safe na buɗe kundi don in ƙirga abina in ji sanyi. Gyara talatin da ɗaya, duka da sunan Na-Sani. Na sauka ƙasa, na hau sama. Babu ni, babu Anti, babu Dogo.

Anti ta duba sau ɗaya ta gane. Muka nufi ofishin Oga, muka tarar ya riga mu ganin kundin. Fuskarsa har sheƙi take, yana waya da ƙanwarsa yana ce mata ashe mijinta kofi ne ya danne shi. Shekara biyu yana neman abin alheri da zai faɗa mata, ga shi ya samu. Da ya ajiye wayar Anti ta yi masa bayani a jimla biyu. Aka kira Na-Sani.

"Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ƙarya," in ji shi. "Mutum ne ke hassada."

Na ce a buɗe fayil ɗin a gani, ai ba nisa. Ya ce taɓa saiti a makon miƙa aiki ganganci ne, Anti da bakinta ta faɗa. Oga ya kalli wannan ya kalli wancan, ya ce duk ƙorafi a ajiye shi sai bayan Alhamis. Na tuna masa cewa ranar Alhamis ɗin ne za a ƙirga sunaye. Ya ce ya sani. Abin ashe yana yaɗuwa a dangi.

Ranar na ji haushin da ya hana ni cin abincin rana. Na yi tunanin naɗe hannu in daina aiki, amma in manhajar ta gaza ba kujera ɗaya za ta tafi ba, ɗakin ne duka. Haka na ci gaba da zuba aiki, kowane gyara na tura ya faɗa asusun surukin Oga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuwa kullum da yamma sai ya tsaya a bayana, ya duba allona, ya ce in ƙara himma, don ya lura sunana bai fito ba ko sau ɗaya.

Dogo bai ɗauki abin da zafi ba. Da ya gane duk abin da ya rubuta da sunan wani zai fita, sai ya buɗe wani reshe na wasa don ya rage mini baƙin ciki. A ciki ya canja wa motocin kamfanin sunaye, ya sauya saƙon da ke fitowa bayan an sayi tikiti. Muka yi dariya a ɓoye, muka rufe. Reshe ne na gefe, ba mai haɗa shi da uwar aiki.

Na-Sani ma bai zauna haka ba. Tunda reshe ba ya cin komai, duk tunanin da ya faɗo masa sai ya buɗe masa reshe. Kafin Laraba yana da goma sha tara. Akwai "sabo", akwai "sabo-na-biyu", akwai "na-gaske", akwai "na-gaske-wannan-karon", akwai wani mai suna "kada-a-taɓa" wanda shi ma ya manta abin da ke ciki. A ɗaya ya mayar da rubutun shafin rawaya a kan fari. A wani kuma ya tarar da layukan da ke duba ko an riga an sayar da kujera kafin a ba wani, ya ga suna sa manhajar jinkirin rabin daƙiƙa, ya share su. Ya zo ya ba mu labari cewa ya ƙara wa aikin gudu.

Laraba da yamma Anti ta yagi takarda ta rubuta sunayen rassa uku: nata, na Dogo na gaske, da nawa. Ta liƙa a allon Na-Sani, tunda lambar sirri a hannunsa take, ta ce waɗannan kaɗai za a haɗa. Ya ce ai ya sani.

Alhamis ya riga kowa zuwa. Daga baya muka san abin da ya faru. Ya buɗe jerin rassa, ya ga ashirin da uku, kowanne da sunansa a jiki. Zuciyarsa ta kasa yarda a bar aikinsa ashirin a waje a nuna uku. Ya haɗa su duka. Duk inda rassa biyu suka yi karo, kwamfuta ta tambaye shi wanne za a ɗauka, ya ce duka biyun, don shi ba ya nuna bambanci tsakanin 'ya'yansa.

Ƙarfe goma Manajan kamfanin motocin ya iso, dattijo mai nutsuwa da tumbi madaidaici, tare da magatakardarsa. Na-Sani ya gayyato matarsa, ƙanwar Oga, ta zauna a kujerar baya da jakarta a cinya. Tela ya ga motoci a ƙofa ya zo ya jingina da ƙyaure. Aka kunna majigi. Kafin Anti ta miƙe, Na-Sani ya riga ya tsaya a gaba yana raba wasu takardu. Kundin ne ya buga, shafi tara. Ya sanar da baƙi cewa gyara ɗari biyu da goma sha huɗu aka yi a makon nan, kuma in sun duba za su ga suna ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ya ce ba yabon kai ba ne, tarihi ne.

Manaja ya ce madalla, bari ya sayi tikiti da kansa. Shafin ya buɗe da rubutu rawaya a kan fari, sai da kowa ya ƙanƙance ido. Ya zaɓi kujera ta bakwai, ta fito. Ya ce wa magatakardarsa ita ma ta gwada lamba bakwai a wayarta, a ga yadda manhajar za ta hana ta. Manhajar ta ba ta, da sauri kuwa. Na-Sani ya nuna musu yadda babu jinkiri ko kaɗan. Manaja ya waiga ya ga Tela, ya roƙe shi ya gwada. Tela ma ya samu lamba bakwai. Ya tambaya ko a cinyar wa zai zauna, don ya san irin wandon da zai sa.

Na-Sani ya ce wannan ƙaramin abu ne, a duba tikitin a ga kyan tsari. Tikitin ya fito a bango, manya-manyan haruffa. Sunan mota: Tumbin Manaja. A ƙasa kuma, inda ya kamata a ce an gode, an rubuta: "Allah ya kiyaye hanya, don birkin nan namu sai addu'a."

Dogo ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙarƙashin teburinsa. Manaja ya karanta sau biyu, ya gyara zaman rigarsa a kan cikinsa, ya tambaya a hankali wa ya rubuta wannan.

Na-Sani ya ce Dogo ne. Dogo ya ɗago, ya ɗauki takardun da aka raba, ya bi shafi tara da yatsa, ya ce a taimaka a nuna masa sunansa, idonsa ba shi da kyau. Na-Sani ya ce kuskuren na'ura ne. Na ce na ji an ce ba ta ƙarya. Ya ce wani lokaci tana yi. Magatakarda ta tambaya a wane shafi ta fara. Gumi ya jiƙa masa taye.

Anti ce ta raba gardama, tana zaune yadda take.

"Injiniya, abu biyu ne. Ko sunan nan gaskiya ne, kai ka yi ɗari biyu da goma sha huɗu har da tumbi da birki. Ko kuwa fayil ɗinka ka ɗora mana, sunan ba ya nufin komai, sai mu zauna mu ware naka mu gani ko sun kai biyar. Zaɓi ɗaya."

Gaba kura, baya sayaki. Ni kam kujerata tana cikin amsarsa. In ya faɗi gaskiya, sunana ya dawo. Ya kalli Oga. Ya kalli matarsa. Ya kalli shafi taran da ke hannunsa, ya daɗe yana kallonsu kamar mai ban kwana da gona. Sannan ya gyara taye.

"Ni na yi," in ji shi. "Duka."

Na taɓa ganin mai taurin kai, amma ban taɓa ganin wanda ya gwammace a ce ya rushe gida da a ce bai ɗora bulo ba. Manaja ya gyaɗa kai. Ya ce kafin ya tafi yana so ya ga sashen canja ranar tafiya, don shi ne ya fi damunsu. Aka buɗe. Cikin ikon Allah haɗe-haɗen bai taɓa shi ba. Ya ɗaga tikiti zuwa Asabar, ya dawo da shi, ya gwada ranar da mota ta cika, komai ya tafi daidai. Ya ce wannan aikin mai hankali ne, wa ya yi? Na buɗe baki. Na-Sani ya ce shi ne, shafi na huɗu zuwa na bakwai.

Manaja ya miƙe, ya ce wa Oga ya ba mu mako ɗaya mu gyara, bisa sharaɗi guda. Ya ɗora yatsa a kan sunan da ke takardar. Ya ce mutumin da zai iya yin wancan sashe da safe ya zage shi da rana ba lafiyayye ba ne, kuma in ya sake ganin sunan nan a aikinsu ko sau ɗaya, an gama. Ƙanwar Oga ta rataya jakarta, ta zo ta tsaya kusa da mijinta.

"Tashi mu je gida," ta ce. "Ka yi aiki da yawa."

Kujerar da ta tafi ke nan. Ba a ƙirga sunaye ba, don ba abin ƙirgawa. A bakin ƙofa na ji yana gaya wa Tela cewa shi ya ajiye aiki, wurin ya yi masa ƙanƙanta. Anti ta karɓi lambar sirri a wurin Oga ta buɗe fayil ɗin saiti, kowa ya rubuta sunansa, ta share rassa ashirin, muka miƙa aiki a kan lokaci. Ƙarin nan kuwa har yau muna amfani da shi, yana da kyau ƙwarai.

Bayan mako uku ina ofishin Oga ina nuna masa wani abu, wayarsa ta yi ƙara. Wani babban kamfani ne, irin mai bene da na'urar sanyaya ɗaki a kowane lungu. Ina jin muryar matar sarai. Ta ce wani tsohon ma'aikacinmu ya nemi shugabancin sashe a wurinsu, ya kawo kundi shafi tara. Sun ga sashen canja ranar tafiya a shafin kamfanin motocin, ya burge su matuƙa. Tana so ta tabbatar, da gaske shi kaɗai ya yi wannan duka a mako guda?

Oga ya kalle ni. Na kalle shi. Na san mako uku ke nan suruki yana zaune a falon ƙanwarsa, kuma kullum sai ta kira.

"Haka yake a rubuce," in ji Oga.

Ya ajiye wayar, ya ɗan jujjuya biro, ya yi gyaran murya. Ya ce Auta, don Allah ko zan taimaka in rubuta ɗan bayanin yadda sashen nan yake aiki, da sauƙaƙan kalmomi, don Injiniya zai fara ranar Litinin kuma za su yi masa tambayoyi.

Na koma kujerata, wadda har yanzu tawa ce, na zauna. Na rubuta masa shafi biyu, ban sa suna ba.